Gwaggo Hajo Ta Tafi Gaisuwa

Gwaggo Hajo ta sauko mana a Anacha, can ƙasar Ibo, daga saman motar wake, cikin daminar shekarar sittin da shida, ba aike ba sanarwa. Ina bakin murhu a rumfata ta tuwo, can bayan babbar kasuwa inda 'yan dakonmu ke cin abinci, sai na ga wata doguwar tsohuwa da ƙunshin kaya a ka tana tambayar inda Zuliha ɗiyar Idrisu na Maraɗi take. Yayar mahaifina ce. Rabona da ita tun ina yarinya, kafin babanmu ya komo da mu Kano, amma muryar nan tata mai cika wuri ba ta canja ba.

Na yi murna, kuma na ji haushi, duk a lokaci guda. Tun kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa kafin damina ta kankama, da rigimar sojoji da ta biyo baya, mu Hausawan Anacha kanmu a ƙasa muke tafiya. Masu hankali suna tura iyalinsu gida, ita kuma ga ta ta taho da tabarmarta. Na tambaye ta abin da ta zo saye, ko wanda ta zo dubawa.

"Kallo niz zo," in ji ta.

Da gaske take. Shekara da shekaru tana soya ƙuli a tashar Maraɗi, direbobi da fataken goro suna cika mata kunne da labarin kogin da ba ya ƙafewa, da gadar ƙarfe da aka ɗora masa, da ramin da ake haƙo gawayin dutse a Inugu, da jiragen ruwa masu girman unguwa a Fatakwal. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo Kallamu ya yi gidansa, sai ta ce kafin ta mutu idonta zai ga abin da kunnenta ya ji. Kallamu ya yi magiya har ya gaji, ya sa ta a mota, ya ce wa direba ya gaya wa Zuliha ga uwarsa nan, amana. Direban ya isar da saƙon a gaban mutane, ya ci tuwona kwano biyu, ya tafi ya bar ni da ita.

Maigidana, wanda ba na kiran sunansa amma tunda labari ne Falalu, ya ce mu bar ta ta huta kwana biyu mu juya ta gida. Bai san Gwaggo ba. Ta ce mu 'yan Ingila ne muka san rigimarmu, ita 'yar Faransa ce, haka tsofaffinsu ke kiran Nijar har a lokacin. Baƙo ba ya cikin faɗan masu gari, kuma duk inda ta taɓa zuwa a duniya, wato Katsina da Jibiya, ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya.

Abin da ya ƙara ɗaure mata gindi shi ne Mama Obiora, matar da muke haya a gidanta. Ita ba a unguwarmu take zaune ba, gidanta na tsallaken babban titi, amma kullum tana leƙo mu. Atamfa take sayarwa a kasuwa. Ta daɗe a Gusau da mijinta ma'aikacin reluwe kafin ya mutu, Hausa a bakinta tsaf, kuma babban ɗanta Obiora yana can Gusau ɗin yana gyaran mota. Ni dai ba zan ce muna shiri ba. Mace ce mai faɗa, mun sha yin cacar baki a kan ruwan wanke-wankena da ke kwanciya a bakin ƙofa. Amma ranar da ta ji cewa wata tsohuwa ta taso tun daga Maraɗi don kawai ta ga gada, sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan baƙuwarta ce ba tawa ba.

Ita ta kai ta gadar. Gwaggo ta cire takalmi ta taka ƙarfen da ƙafarta, ta leƙa ruwan Kwara, ta yi ta salati. Ita ta kai ta cikin babbar kasuwa layi-layi, 'yan kasuwa suna ba ta kujera, wani ya ba ta ɗankwali kyauta don ta ce rumfarsa ta fi ta kowa tsafta. Da yamma sai a aiko mata da sakwara da miyar shuwaka, kullum da kifi, don Mama Obiora ta san maganar yanka ba sai an gaya mata ba. Ƙanen Mama Obiora direba ne, shi ya ɗauke su zuwa Inugu a gaban mota bai karɓi ko sisi ba. Gwaggo ta dawo tana ba mu labarin kasuwar Ogbete, da mazan da ta ga sun fito daga rami baƙi ƙirin, haƙoransu kaɗai ke haske, suka kuma gaishe ta. Fatakwal ta rage mata, an sa rana.

Daga nan kunnuwana suka shiga uku. A Maraɗi an gaya mata mutanen nan ba sa amsa gaisuwa, ba sa ba baƙo ruwa, har da masu cewa suna cin mutum. Yanzu da ta gani da idonta sai ta koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Ba mutanen kirki a duniya irin Ibo, kuma in ta koma za ta bi gida-gida ta ƙaryata masu ƙarya. Na ce mata ni na shekara goma sha wani abu a garin nan, na san wanda ya ɗauke ni a keke ya kai ni asibiti ina naƙudar Haulatu, na kuma san wanda ya zubar mini da tukunyar miya da gangan don ya ji ina Hausa. Na ce abin da ake nuna wa baƙon kwana kaɗan daban, abin da mazauni ke gani daban. Ta ce ni dai tun ina ƙarama baƙar zuciya gare ni, irin ta ubana.

Damina na shirin ɗaukewa abin ya sake ɓarkewa a Arewa, wannan karon ya fi na baya muni nesa ba kusa ba. Motoci suka fara shigowa Anacha cike da mutane. Na ga wasu da idona a tasha, kuma har yau ba na son in faɗi yadda suke. Mata ba ɗankwali, maza da tsumma ɗaure a kai jini ya bushe a jiki, wata tana rungume da zanin goyo ba komai a ciki. Na rufe rumfata. Waɗanda muke gaisawa da su kullum suka daina kallonmu, mu ma muka daina ɗaga ido, don ba mu da abin cewa. Aka fara jin an tare wani mai shanu a hanya, an ƙone rumfar wani mai suya. Mama Obiora kuwa ta bar kasuwa, kullum tana tasha tana bin motoci tana tambayar wanda ya fito daga Gusau.

Wani abokin aikin ɗanta ne ya kawo mata labarin. A cikin garejin aka same shi, kuma ba a samu damar ɗauko gawar ba. Mun jiyo kukan tun daga tsallaken titi.

Washegari da safe dattawan unguwarmu suka bi gida-gida, suka ce hukuma ta ce duk ɗan Arewa ya bar ƙasar nan. An kawo motoci filin da ke bayan masallaci, 'yan sanda za su raka mu mu ƙetare gada, kuma kafin la'asar ba a son a ga kowa. Na shiga ɗaure kaya. Ina cikin haka na ga Gwaggo ta yi wanka, ta sa zaninta na fita, ta yafa mayafi, ta ƙulle goro a gefensa. Na ce ina zuwa. Ta ce gaisuwa.

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce mata ta san ko su wane ne suka kashe yaron nan, ta san kuma ko su wa ke cike a gidan yanzu. Ta ce ta sani, shi ya sa ma za ta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce in mun isa gida lafiya ma aiko da saƙo. Ta dube ni kamar na faɗi abin kunya.

"Na ci abincin matar ga, na hau motar ƙanenta, ta riƙa hannuna bisa gada. Ɗanta ya mutu, in tahi ban ce mata sannu ba? Mi za ni hwaɗa ma mutanen Maraɗi? Ni baƙuwa ta, ba ni da hannu cikin abin ga, ita ma ta sani."

Na ce ita ta sani, sauran fa? Na ce Faransarta ba a goshinta take ba, abin da ke bakinta Hausa ce. Ta zauna a bakin gado, na ɗauka maganar ta shige ta. Na fita na miƙa wa maigidan Haulatu da ƙullin tukwane ya kai mota. Da na dawo ɗakin ba kowa.

Na tuɓe mayafina, na ɗaura zani biyu da ɗankwali irin na matan garin, na bi bayanta. Ina jin Ibo kamar haifaffiyar wurin, in ban buɗe baki da Hausa ba ba mai gane ni. Na tsallaka titi ina hango ta, doguwa, mayafinta fari, tana tafiyarta a natse kamar mai zuwa suna. Kafin in cim mata ta kai ƙofar gidan. Tsakar gidan cike yake, mata zaune a tabarmi, maza jingine da bango, yawancinsu waɗanda suka sauka daga motocin nan ne. Gwaggo ta cire takalmi, ta ɗaga muryar nan tata ta yi sallama, cikakkiya, yadda ake yi a gidan mutuwa a Maraɗi.

Kukan ya tsaya cak. Abin da Gwaggo ba ta lissafa ba, kusan kowa a gidan nan yana jin Hausa. A Gusau da Kano da Jos suka yi rayuwarsu, wasu can aka haife su. Kuma Hausar ƙarshe da suka ji kafin tata, ta waɗanda suka bi su da adda ce.

Ta ratsa su ta je gaban Mama Obiora, wadda ke zaune a ƙasa kanta ba ɗankwali, ta durƙusa. Ta jero gaisuwar ba ta rage komai ba. Ya aka ji da haƙuri, ashe haka Allah ya yi, Allah ya ba da dangana, Allah ya sa ya huta. Ta kwance goron ta ajiye. Ina tsaye a bakin ƙofa cikin mata. Wani mutum da hannunsa ke naɗe cikin tsumma ya taso daga jikin bango, ya yi magana da Hausa mai kyau wadda ta fi tawa.

"Iya, kin zo ki ga aikin 'ya'yanki ne?"

Gwaggo ta juyo ta fara yi masa bayani, wai ita 'yar Faransa ce, kallo ta zo. Kalmar kallon nan ita ta ƙarasa lalata komai. Wata mata ta kurma ihu, samari suka miƙe, wani ya fita da gudu yana kiran na waje. Mama Obiora ta tashi ta damƙi hannun Gwaggo da ƙarfi, ta ja ta kamar mai jan akuya, ta tura ta cikin ɗakinta, ta jawo ƙofa. Sannan ta zauna daɓas a bakin ƙofar ta miƙe ƙafafu. Ta ce da su, da Ibo, duk mai son shiga sai ya tsallake uwar mamaci. Suka tsaya suna huci. Ba wanda ya tsallake ta, amma ba wanda ya koma ya zauna.

Idonta ya faɗo kaina. Ta gane ni, ta kira ni da wani suna na Ibo da ba nawa ba, ta ce in kawo mata ruwa. Na ɗebo a randa na durƙusa gabanta, ta karɓa ba ta sha ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da yarensu.

Ta ce muddin tana zaune a nan ba mai taɓa tsohuwar, amma in ta fita titi ba ta da iko da titi, kuma titin ya riga ya cika. Ta ce in tafi motata ta kusa tashi, in na ƙara jimawa wani zai gane ni, kuma mutum biyu ba za ta iya ba. Na fara yi mata godiya, ta katse ni.

"Kada ki gode mini. Ni ma ba na son ganin fuskarta. Ban san iya lokacin da zan iya zama a ƙofar nan ba."

Ta bayan ƙofar ina jin muryar Gwaggo tana kiran sunana a hankali, tana tambaya ko ta yi wani laifi ne. Ban amsa ba, don amsawa da Hausa ce. Na tashi na fita ta cikin samarin da ke ɗauke da itace, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

A filin masallaci na faɗi gaban sajan ɗin da ke kula da motocin. Shi ma Ibo ne, idanunsa jajir, an ce matarsa da 'ya'yansa ba su iso daga Zariya ba tukuna. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya nuna mini mutanensa, ba su kai yatsun hannu biyu ba, ya nuna mini jama'ar da ta fara taruwa a bakin filin. Ya ce in ya cire ko mutum biyu daga nan, motocin nan da duk wanda ke ciki ba za su kai gada ba. Ya ce in ya dawo daga rakiya zai je gidan da kansa. Na ga alamar da gaske yake, na kuma ga bai san ko zai iya ba. Dattawanmu suka ce a ƙara jira kaɗan, aka jira, har duwatsu suka fara sauka a kan rufin motar gaba. Na ce ni zan zauna. Maigidan ya ɗora mini Haulatu a cinya, ya zauna ta bakin ƙofar motar ya tare.

A Asaba muka sauka, muka yi kwanaki a bakin hanya muna duba duk motar da ta ƙetaro. Wani ya ce ya ji an kai wata tsohuwa gidan Fada, limamin coci, an ɓoye. Wani ya ce ya ga farin mayafi a bakin ruwa. Wani ya ce an sa wata a motar Inugu cikin masu jiran jirgin ƙasa, amma bai ga fuskarta ba. Kowa ya faɗi nasa da yaƙini, kuma ba wanda ya san sunanta. Da abinci ya ƙare muka wuce Kano, na aika wa Kallamu abin da ya faru. Ya aiko cewa zai jira. Shekara ta zagayo yaƙi ya tashi, hanya ta rufe, muka ji Anacha ta zama filin daga, kasuwar ma ta ƙone.

Bayan yaƙi maigidan ya koma ya duba. Gidan Mama Obiora ba rufi, ciyawa ta fito a tsakar gida, maƙwabtan duk sababbin fuska. Wata tsohuwa ta ce ta san mai atamfar, ta gudu ƙauye lokacin da aka fara jefa bam, ba ta dawo ba. Da ya tambaye ta ko akwai wata Bahaushiya tare da ita, ta ce a lokacin nan kowa ta kansa yake yi.

Ni na kai wannan labarin Maraɗi da ƙafata. Kallamu taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, amma ranar nan a tabarma ɗaya muka zauna ba wanda ya tsokani wani. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya ce dangi sun dame shi, liman ma ya yi masa magana, a yi mata addu'a a yi sadaka kowa ya huta. Har ya ɗebo gero daga rumbu, ga buhun nan jingine a bakin ɗakinta, matarsa na jiran ya ce a jiƙa. Amma in ya yi sadakar alhali tana can wani ƙauye da rai tana jiran a zo a ɗauke ta fa?

"Ke kin zamna da su, Zuliha. Hwaɗa mini gaskiya, waɗanne irin mutane na? In masu kashewa na, in yi sadaka. In masu ɓoyewa na, in jira."

Na so in ba shi amsa guda, wallahi na so, ko don ya samu barci. A Kano in aka yi mini irin tambayar nan nakan ce a rabu da ni. Shi ba zan iya ce masa haka ba. Na ce masa mai naɗaɗɗen hannun nan yana cikin gidan, matar da ta zauna a bakin ƙofa ma tana cikin gidan, kuma duka biyun mutanenmu ne suka kashe musu nasu. Na ce lokacin da na fita tana zaune, ban san ko ta tashi ba.

"To in yi mi?"

Na ce ban sani ba. Na yi kuka, shi bai yi ba, ya dai zauna yana kallon buhun.

Na kwana uku a gidan. Har na hau mota ba a jiƙa geron ba, ba a kuma mayar da shi rumbu ba.